KIMIYYA A GIDAJENMU: Daren Da Aka Ɗauke Wuta A Dubeli

Maganar da na zo muku da ita yau, a zaure na tsinto ta, a gidan ƙanena da ke unguwar Dubeli cikin Jimeta, ba nesa da gadar Binuwai ba. Wata ranar Afrilu ce, lokacin da zafin Yola yakan haura digiri 40, har bango ya riƙa huci bayan faɗuwar rana. Na tarar da ɗansa na fari zaune bisa tabarma, ya tasa kwamfuta gaba, ya yi tagumi kamar mai jinya. Yaron yana shekarar ƙarshe a makaranta, kuma aikin da ya ɗauka don kammala karatu shi ne ya shirya manhajar da za ta riƙa ɗaukar sunayen ɗalibai a aji ta hanyar gane fuskokinsu.

Na ce masa, "Kai kuwa lafiya?" Ya ce, "Bappa, gini take yi, ba a taɓa ta." Na duba ban ga bulo ba, ban ga siminti ba, sai rubutu fari yana ta gudu bisa baƙin allo, fankar cikin na'urar tana kuka kamar injin niƙa. Ita kwamfutar 'yar tokumbo ce, batirinta ya daɗe da mutuwa, ba ta rayuwa sai an jona ta a bango. Muna nan zaune, an kusa cinye awa guda, sai ɗif! aka ɗauke wuta. Yaron ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan, Bappa, komai ya koma farko." Ashe daren na uku ke nan yana wannan fama. Ga janareta a tsakar gida, amma tun ranar 29 ga Mayu 2023, da aka yi shelar janye tallafin fetur, ba kowane magidanci ke tayar da inji don yaro ya zauna kallon allo ba.

Mai karatu zai ce, to, mene ne abin rubutawa a jarida game da wannan? Abin rubutawar shi ne, wahalar da yaron nan ya sha masana sun daɗe da samo maganinta, wani maganin ma ya girmi ubansa a aikin gwamnati, amma labarin bai iso zauren Dubeli ba. Kuma maganin bai ce sai an sayi sabuwar na'ura ba.

Bari mu fara daga tushe. Harshen da yaron ke rubuta manhajarsa da shi ana kiransa Python. Wani mutumin Holan mai suna Guido van Rossum ya fito da shi a shekarar 1991, watau sa'ar Jihar Adamawa ne, don a wannan shekara aka raba tsohuwar Jihar Gongola. Python harshe ne mai sauƙin koyo, shi ya sa makarantu suka rungume shi. Amma na'ura ba ta jinsa kai tsaye, sai ta bakin tafinta. Duk wanda ya taɓa zama a kotu ya san aikin tafinta: mai ƙara ya faɗi jimla, tafinta ya juya, alƙali ya ji, sa'an nan a ci gaba. Ana fahimtar juna, amma shari'ar minti goma sai ta ci ashirin. Haka Python yake. In lissafin kaɗan ne ba a lura da jinkirin. In kuwa aka ce a auna ɗigo dubu ɗaruruwa da ke cikin hoton fuskar mutum, sai tafinta ya gaji, mai jira ma ya gaji.

Saboda haka sai aka yi dabara. Wuraren da ke da nauyin lissafi ana rubuta su da wani harshe dabam, galibi C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a ɗakunan bincike na Bell a Amurka wajen 1972, ko kuwa ƙanensa C++. Waɗannan harsuna ba su bi ta bakin tafinta. Mafassari ake ba su, kamar yadda akan ba malami littafi ya fassara shi gaba ɗaya tun daga bango har bango, in ya gama kowa ya karanta ba tare da jiran kowa ba. Abin da mafassarin ya fitar, shi ake maƙala wa Python a jiki, ya riƙa kiransa duk lokacin da aiki ya yi nauyi. Wannan shi ake kira sashen ƙari. Shi kansa tafintan Python da akasarin mutane ke amfani da shi da C aka rubuta shi, don haka ƙofar shigar da irin waɗannan sassa a buɗe take tun asali. NumPy, wanda Travis Oliphant ya haɗa a 2006, kuma kusan duk mai lissafin kimiyya da Python ke dogara da shi, cikinsa cike yake da irin wannan ƙari.

Ita wannan fassara ta gaba ɗaya, da ɗinke gutsattsarin da aka fassara su zama abu guda, su ne ake ce wa gini. Sashen da yaronmu ke nema sunansa dlib, na wani masani Davis King, an rubuta shi da C++, kuma ya yi suna wajen gane fuska. A babban rumbun Python da ake kira PyPI galibi ɗanyen rubutunsa ake samu, kowa ya ɗauka ya gina a na'urarsa. Wannan ba laifin marubucin ba ne. Mutum ya ba ka hatsi kyauta, ba ka ce don me bai tuƙa maka tuwo ba. Sai dai C++ harshe ne mai wahalar fassara, yana cin lokaci, yana cin ƙwaƙwalwar na'ura, kuma a tsohuwar kwamfuta irin ta zaurenmu sai mutum ya yi sallar isha'i ya ci abinci ya dawo bai ƙare ba.

To, ina gaskiyar maganar yaron da ya ce komai ya koma farko? Tana nan ga yadda ya ba da umarni. Ya ce wa pip, watau ɗan aiken da ke ɗauko kaya daga rumbu, ya ɗauko ya girka. Shi kuwa pip, in ya sauko da ɗanyen rubutu, yakan buɗe wani ɗaki na wucin gadi ya yi ginin a ciki. In an gama lafiya yakan ajiye sakamakon don gaba. In kuwa aka katse shi a tsakiya, gobe sabon ɗaki zai buɗe, ba ruwansa da abin da aka yi jiya. Ke nan yaron ya yi dare uku yana aza harsashi ɗaya, kowane dare sai an kai linta a rushe.

Wannan ciwo tsoho ne. A shekarar 1976 wani ma'aikacin Bell mai suna Stuart Feldman ya rubuta wata 'yar manhaja ya sa mata suna Make. Hikimarta ba ta da yawa, amma ta isa. Babban aiki ba fayil ɗaya ba ne, fayiloli ne ɗaruruwa, kowanne ana fassara shi daban. Make takan dubi lokacin da aka taɓa ɗanyen fayil, ta dubi lokacin da aka fitar da fassararsa. In fassarar ta fi sabunta, sai ta tsallake, ta wuce na gaba. Wanda aka canza, da waɗanda suka dogara da shi, su kaɗai take sake wa aiki. Magini in ruwa ya kore shi da yamma, da safe daga inda ya tsaya yake ɗorawa. Feldman ya koya wa na'ura wannan hankali ne kawai. Yau kusan shekara hamsin ke nan, kuma duk wata sabuwar dabarar gini jikanyar wannan ce.

Abin da na sa yaron ya fara yi ke nan washegari. Ya sauko da ɗanyen rubutun sau ɗaya, ya kwance shi a wani ɗaki tabbatacce cikin na'urarsa, ya riƙa ba da umarnin gini daga nan. In wuta ta tafi, abin da aka fassara yana nan a faifai, in ta dawo a ɗora. Fayil ɗin da aka katse a tsakiyarsa kaɗai za a sake, kuma in ya fito a gurgunce sai a share shi da hannu.

Akwai kuma wata aba da ta fi Make wayo, sunanta ccache. Andrew Tridgell na ƙasar Ostareliya, mutumin da ya yi Samba, shi ya fito da ita a 2002. Ita ba agogo take dubawa ba, abin da ke cikin fayil take dubawa. Takan tsaya tsakanin mai gini da mafassari, duk fayil da zai wuce sai ta ɗauki tambarinsa tare da umarnin da aka haɗa shi da shi, ta ajiye fassarar a ma'ajinta. Ran da wannan fayil ya sake zuwa da kamanninsa, ba ta tayar da mafassari, sai ta miƙo ta jiya. Ko da mutum ya share ɗakin gini ƙaf, ma'ajin yana nan. Gini na farko ba ya ƙara sauri ko kaɗan, har ma yakan ɗan ƙara nauyi, amma na biyu da na uku sai ka ga kamar ƙiftawar ido. Sharaɗinta guda ne da ya kamata a kiyaye: in sunan ɗakin gini yana canzawa kullum, kamar yadda na wucin gadi ke yi, tana iya ɗaukar tsohon fayil a matsayin baƙo. Ga wani dalili kuma na zama a ɗaki ɗaya.

A nan zan ɗan ratse, don in faɗi wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaranmu sun ɗauka cewa duk jinkiri daga talaucin na'ura yake, don haka maganinsa kuɗi. Suna kallon hotunan samarin Amurka da manyan na'urori, sai gwiwarsu ta yi sanyi. Alhali mutanen da suka ƙago waɗannan dabaru sun ƙago su ne a zamanin da na'urar jami'a guda ba ta kai wayar da ke aljihun ɗan keke ƙarfi ba. Rashi ne ya koya musu tattali. Mu da muke cikin rashin yau, mu ya fi cancanta mu gaji wannan tattali, ba waɗanda wuta ba ta ƙiftawa a garinsu ba.

Sai maganar raba aiki. Kwamfutar zamanin nan, ko ta tokumbo ce, kanta ba ma'aikaci ɗaya ne a ciki ba. Akwai biyu, ko huɗu, ko takwas. Tun da kowane fayil daban ake fassara shi, ba abin da zai hana a ba kowane ma'aikaci nasa a lokaci guda. Make tana da alamar da ake ƙara mata, harafin j da lamba, a ce mata ta ɗauki leburori kaza. Abin mamaki shi ne, tsohon maginin da Python ya zo da shi, wanda ake kira distutils, ya shafe shekaru bai san wannan ba. Greg Ward ya fara shi, ya shiga jikin Python a shekarar 2000, ya kuwa yi wa jama'a hidima ƙwarai, don kafinsa kowa da irin tasa hanyar. Amma fayil ɗaya bayan ɗaya yake bi, ma'aikaci guda na gumi, sauran na zaune a inuwa. Bugu da ƙari, in ka gyara waƙafi ɗaya a fayil guda, sai ya sake fassara dukan fayilolin wannan sashe. A Python 3.5, cikin 2015, an ƙara masa ikon gina sassa da yawa a lokaci guda, amma rabon tsakanin sashe da sashe ne. In sashenka ɗaya ne ƙato mai fayil ɗari, kana nan inda kake.

Wannan ya sa manyan ayyuka suka yi ta ƙorafi har suka yi ƙaura. Evan Martin, sa'ad da yake aikin Chrome a kamfanin Google, ya gaji da jiran Make ta gama lissafin abin da za ta yi kafin ta fara yi, sai ya rubuta Ninja, wadda ba ta da wani aiki sai gudu, kuma da kanta take ƙirga ma'aikatan na'ura ta ba kowa kaya. Jussi Pakkanen na ƙasar Finlan ya fara Meson wajen 2013, ita ke tsara taswirar gini ta miƙa wa Ninja. SciPy, babban kundin lissafin kimiyya, ya koma kan Meson a fitowarsa ta 1.9 cikin 2022, bisa jagorancin Ralf Gommers. NumPy ya bi sawu a fitowa ta 1.26 cikin 2023. A watan Oktoba na 2023 ɗin nan, da Python 3.12 ya fito, aka sallami distutils daga jikin harshen baki ɗaya, ko da yake setuptools na riƙe da kwafinsa don masu tsofaffin kaya. A wannan fitowa kuma su kansu masu kula da tafintan suka daina gina sassan ƙarin da ke zuwa tare da shi ta tsohuwar hanya, suka mayar da aikin hannun Make. Dubi yadda duniya ke juyawa: an zagaya an zagaya, an dawo gidan Feldman.

Amma fa kada yaro ya ji wannan ya je ya rubuta j da lamba 16 yana murna. Raba aiki yana da iyaka biyu, kuma dukansu sun fi cizo a wurinmu. Ta farko Gene Amdahl ya bayyana ta tun 1967: a kowane aiki akwai yankin da ba ya rabuwa. A gini, ɗinkin ƙarshe, inda ake haɗa gutsattsari su zama fayil guda, yawanci hannu ɗaya ke yinsa, kuma ba ya farawa sai kowa ya kawo nasa. A ce, don misali, aiki na minti 60 ne, 12 daga ciki ba su rabuwa. Leburori huɗu za su cinye sauran 48 cikin minti 12, jimla 24. In ka ninka su zuwa takwas, jimla 18. Ka tara leburorin Jimeta duka, ba za ka sauka ƙasa da 12 ba.

Iyaka ta biyu ita ce ƙwaƙwalwar aiki. Kowane mafassari da aka tayar yana buƙatar filin shimfiɗa takardunsa, kuma na C++ mai faɗin shimfiɗa ne, fayil guda na iya cin fiye da gigabait ɗaya. Na'urar yaronmu gigabait 4 gare ta. In ya tayar da huɗu a lokaci guda, fili ya ƙare, na'ura ta shiga kwashe kaya tana kaiwa faifai tana dawowa da su, sai tafiya ta fi ta mutum ɗaya nawa, ko kuwa a kashe ginin gaba ɗaya. Shi ya sa maginin dlib yakan dubi yawan ƙwaƙwalwar na'ura kafin ya yanke yawan leburorin da zai ɗauka. Abin da ya rage ga yaro shi ne ya ba shi fili: ya rufe burauza mai shafi ashirin, ya rufe fim, ya bar na'ura da aikinta. Ga kuma zafi. Kan kwamfuta in ya yi zafi yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Na'urar da aka aza bisa katifa ko tabarma da tsakar ranar Afrilu, ƙura ta toshe mata hanci tun hunturu, rabin ƙarfinta take bayarwa. Mun ɗora tamu bisa bulo biyu don iska ta ratsa ta ƙasa, muka kai ta wajen mai gyara a kasuwa ya hure fankar, kuma muka mayar da gini bayan asuba. Ba littafin da zai rubuta maka wannan, don marubutansa ba su taɓa kwana a Yola ba.

Akwai kuma ɗan abin da masu rubuta nasu sashen ƙari ya kamata su sani. Mafassari yana da matakan gwaninta. In ka ce ya goge fassara ta yi sumul, ta yi gudu matuƙa, zai daɗe. In ka ce ya yi ta kai tsaye, zai gama da wuri, sai dai abin da ya fito ba ya gudu sosai. Mai gwaji, wanda ke gyara yana sakewa sau ashirin a yini, ba shi da bukatar guga. Ya bar ta sai ranar da zai fita da kaya. Tela ma ba ya guge riga kowane ɗinki.

Duk wannan da na zayyana, rage wahalar gini ne. Amma babbar tambaya ita ce, don me yaro ɗaya ɗaya zai yi ta gina abu ɗaya? A ajin yaron nan, in ji shi, ba shi kaɗai ke aikin gane fuska ba. Kowannensu yana ɗakinsa, a Dubeli ko Jambutu ko Girei, yana ƙona data da fetur bisa fassarar fayilolin da ba su bambanta da harafi ɗaya ba. Duniyar Python ta warware wannan tun 2012, sa'ad da Daniel Holth ya kawo tsarin ƙunshi da ake kira wili. Wili ginanne ne an gama, sai dai a kwance a ajiye a wurinsa, aikin daƙiƙoƙi. A 2016 aka yi yarjejeniyar manylinux, wadda ta sa wili guda ya iya zama a kan Linux iri iri. Shi ya sa yau mai girka NumPy a kwamfuta ta yau da kullum ba ya ganin gini ko kaɗan, har ya ɗauka haka abin yake tun fil'azal. Ba haka yake ba, wasu ne suka yi gumin a madadinsa.

Sai dai wili yana da zaɓe. A jikin sunansa an rubuta fitowar Python da ya dace da ita, da irin manhajar da ke tuƙa na'ura, da irin kan na'urar. Wanda aka gina don Python 3.11 a kan Windows ba ya shiga 3.12, ba ya shiga Linux. Ga shi kuma Python yakan fito da sabon zubi kowane Oktoba, kuma masu sassan ƙari sukan ɗauki makonni ko watanni kafin su fitar da wilin da ya dace da shi. Yaran da ke rige-rigen sauko da sabon yayi ranar da ya fito, su ne suka fi faɗawa ramin gini. Wanda ya tsaya a zubin bara yakan tarar da kasuwa cike. Mai tsohuwar na'ura 'yar bit 32, da mai koyo a kan waya, su ma sukan tarar ba a yi da su ba.

Waɗanda aka bari a baya a wasu wurare ba su zauna kuka ba. Raspberry Pi wata 'yar kwamfuta ce mai araha da aka fito da ita a Ingila a 2012 don yara 'yan makaranta, kuma kanta ba irin na sauran ba ne, don haka masu ita sun sha jiran gini na awoyi. A 2017 Ben Nuttall ya kafa piwheels: aka jera waɗannan ƙananan na'urori suna gina kayan rumbun PyPI dare da rana, sau ɗaya, kowa ya zo ya ɗiba. Kafin wannan, wani masani a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, Christoph Gohlke, ya shafe shekaru yana gina wa masu Windows sassa masu wuya yana ajiyewa a shafinsa, har aka rufe shafin a 2022. Akwai kuma conda-forge, gayyar masu sa kai, inda dlib ɗin nan ma yake a gine. Dukansu gayya ce irin wadda muka sani a gona, sai dai a nan in an nome sau ɗaya kowa ya girba.

Ga kirana, kuma ga malamanmu nake yinsa. Muna da Jami'ar Modibbo Adama a Girei, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya. Muna da Jami'ar Amurka ta Nijeriya a Yola. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da kwalejin ilimi ta tarayya. Kowane sashen koyar da kwamfuta yana iya ware na'ura guda mai ɗan ƙarfi, a tsayar da zubin Python ɗaya na wannan shekarar karatu, a gina sassan da ɗalibai suka fi nema, a zuba wilolin a ɗaki guda. Pip yana da umarnin da ke fitar da wili maimakon girkawa, yana kuma da wanda ake ce masa kada ya fita intanet, ya ɗauka daga wannan ɗaki. Ba a bukatar kwangila, ba a bukatar kwamiti. Malami ɗaya da ɗalibai biyu masu himma sun isa, aikin mako guda a farkon zango. Masu horar da matasa a ƙarƙashin shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 su ma maganar ta shafe su.

Dalilin da ya sa na nace sai hukuma ta riƙe wannan rumbu shi ne amana. Ɗanyen rubutu ana iya karanta shi, ginanne kuwa ba a ganin cikinsa. Yaro in ya gaji, yakan shiga intanet ya sauko da wilin da wani wanda bai sani ba ya ajiye, ya girka a na'urar da yake shiga asusun bankinsa da ita. Sashen ƙari yana da duk ikon da mai na'ura ke da shi. In an cusa masa mugun abu, ba mai tare shi. Wilin da ya fito daga hannun malamin da aka sani, tare da tambarin lissafi da za a gwada a tabbatar ba a taɓa shi a hanya ba, ya fi wanda aka tsinta a bakin titi, ko da na titin ya fi kusa.

Mu dai a Dubeli ba mu jira kowa ba. Ranar Asabar, bayan asuba, da wuta ta samu, yaron ya ɗora na'ura bisa bulonta, ya rufe komai, ya tayar da gini daga ɗakinsa tabbatacce tare da ccache. An ɗauke wuta sau ɗaya wajen ƙarfe bakwai. Da ta dawo, na ga yana kallon allo yana murmushi, layukan da suka ci masa dare uku suna wucewa a guje har inda aka tsaya. Kafin a kawo koko ya gama. Na ce kada ya girka tukuna, ya fitar da wili, ya kwafa a filashi biyu, ɗaya ya ba ni in ajiye a aljihun babbar riga. Da la'asar abokansa uku suka sauka daga keke a bakin layi, kowa da jakarsa. Biyu sun girka nan take. Na ukun Python ɗinsa sabon zubi ne, wilin ya ƙi shiga, sai da ya sauke shi ya koma irin na sauran, yana ta gunaguni, uwar gida kuwa tana kira daga ciki a zo a ɗauki tabarmar baƙi.